In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

Bana shekara 21 ke nan da muka fito daga kwalejin horon malamai muka kama alli, kuma 9 daga cikinsu mun yi su ne a wata kwalejin koyon sana'a a nan Kumasi, inda ake koya wa samari da 'yan mata walda da kanikanci da gini da aikin lantarki. Mu dai ba maƙera ba ne, ba mu taɓa riƙe guduma don neman abinci ba. Namu shi ne darussan da kowane ɗalibi yake ɗauka, kuma a cikinsu akwai mako 2 na dokokin kare lafiyar ma'aikaci a wurin aiki. Dalilin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne mu faɗi wani kuskure da muka daɗe muna yi a kan darasin nan, ko Allah Ya sa wani ya ji ya amfana.

Ga yadda muke yi a da. Mu shiga aji, mu cika allo da Turanci, yara su kwafa. Mu gaya musu cewa sashe na 24 na Tsarin Mulkin Ghana na 1992 ya ba kowane mutum haƙƙin yin aiki a wurin da babu cutarwa ga lafiyarsa. Mu zo kan Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, inda sashe na 118 ya ɗora wa mai wurin aiki nauyin gyara injuna, da koya wa ma'aikaci yadda zai yi aiki da su, da ba shi kayan kariya kyauta, ba tare da an zaftare masa ko kwabo ba. Wanda ya ƙi, ana iya cin sa tara, ko a ɗaure shi har shekara 3, ko a haɗa masa duka biyun. Sashe na 119 ya ce idan ma'aikaci ya ga haɗarin da zai iya taɓa ransa ko lafiyarsa, ya sanar da na gaba da shi ya janye jikinsa, kuma ba a korarsa ko a riƙe masa albashi saboda haka. Sashe na 120 kuwa ya ce idan haɗari ya auku, mai wurin ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. Daga nan mu taɓo dokar 1970 ta masana'antu da ofisoshi da kantuna, da ta 1987 ta biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ranar jarrabawa yara su zubo mana abinmu yadda muka ba su, mu ba da maki, mu koma gida muna ganin mun sauke nauyi.

To, akwai wani yaro ɗan unguwarmu, mai natsuwa da kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ya fi kowa maki a wannan darasi. Da lokacin fita gwajin aiki ya yi, mahaifinsa ya kai shi wurin wani amininsa mai shagon walda a Magazin ta Suame. A mako na 5 aka sa shi gurzar ƙarfe da giranda. An daɗe da cire murfin injin, wai yana hana hannu sakewa, tabarau kuwa guda ɗaya ne a shagon, shi ma gilashinsa ya tsage. Ɓarɓashin ƙarfe ya yi tsalle ya shige masa idon hagu. Maimakon a garzaya da shi asibiti, sai aka hura masa idon da baki, aka wanke da ruwa, aka ce ya je gida ya kwanta. Sai a kwana na 3 aka kai shi, likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma idon ya tafi.

Da muka je duba shi, bayan an gaisa an yi jaje, bakinmu ya suɓuce muka ce, "Kai da ka san sashe na 119 da ka, me ya hana ka ajiye injin?" Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Malam, na sani. Amma da wane baki zan faɗa wa Masta? Abokin Baba ne, shi ya yanka ragon sunana. Kun koya mana abin da za mu rubuta, ba ku koya mana abin da za mu ce ba."

Jama'a, wannan magana ta hana mu barci. Domin kuwa gaskiya yaron ya faɗa. Mu muka tashi a zango, mun san yadda ake kai yaro koyon sana'a: da goro, da ɗan abin gaisuwa, da cewa "ga ɗanka nan, amana." Yaron da aka miƙa haka ba ya ɗaga ido ya dubi maigidansa, balle ya karanto masa doka da Turanci. Mun san wannan sarai, amma muka riƙa koyarwa kamar duk ɗalibanmu babban kamfani za su, mai ofishin ma'aikata da ƙungiyar ƙwadago, alhali kuwa yawancinsu a rumfar kwano za su ƙare.

Mun yi wa iyayensa bayanin cewa dokar diyya ta 1987 ta haɗa har da mai koyon sana'a, ko da yarjejeniyar ta baka ce, kuma ana so a kai maganar ofishin leba kafin wata 6 ya cika. Mahaifiyarsa ta ce, "Malam, mun gode, amma ƙaddara ce. Mutumin nan ya biya kuɗin magani, ba za mu kai shi gaban hukuma a ce mun ci amana ba." Ba mu ja da ita ba. Wata 6 ya zo ya wuce, magana ta mutu. Mun yarda da ƙaddara kamar kowa, sai dai ba mu taɓa ganin wanda ya bar ƙofar shagonsa buɗe da dare ya ce ƙaddara za ta yi masa gadi ba. In har kwanon rufi da injin walda sun cancanci kwaɗo, idon ɗan mutum ma ya cancanci tabarau.

Shi ma mai shagon mun je mun same shi, da fushinmu. Muka tarar da dattijo mai yatsa 4 a hannun dama, idanunsa jawur saboda hasken walda na shekara da shekaru. Ya ce, "Malam, haka aka koya mini, haka na koya wa yara sun fi 30. Ban taɓa jin wannan doka ba sai yau a bakinka." Ya yi hawaye. Nan fushinmu ya sauka, muka gane cewa ba mugunta ba ce ta cinye idon yaron nan. Doka tana cikin littafi da Turanci, masu aiki suna cikin rumfa da Hausa da Tiwi, mu kuma da aka ba aikin haɗa su muka tsaya a kan allo.

Tun daga wannan shekara muka sauya salo. Turancin yana nan saboda jarrabawa, amma kowane sashe sai mun warware shi da Hausa da Tiwi har kowa ya iya maimaita shi da bakinsa. Sa'an nan mukan mai da aji shago: ɗaya ya zama Masta, ɗaya yaron shago, mu ga yadda zai roƙi tabarau ba tare da rashin kunya ba. Da fari dariya suke yi, daga baya sai ka ji aji ya yi tsit. Mun kuma ba su wata dabara, muka ce su ɗora laifin a kanmu: "Masta, malaminmu ya ce in ya zo ya gan ni ba tabarau zai kayar da ni." Kuma muna zuwa ɗin, domin kafin a tura yaro ko'ina yanzu, mukan je da kanmu mu gai da mai wurin, mu dubi injuna, mu yi maganar cikin mutunci tun ba a ɓata ba.

Ba ma ɓoye musu nasu nauyin. Sashe na 118 ɗin nan ya ce dole ma'aikaci ya yi amfani da kayan kariyar da aka ba shi, kuma in ƙin sawarsa ne kaɗai ya jawo raunin, babu laifi a kan mai wurin. Saboda haka wanda ya rataye tabarau a wuya don kada abokai su ce masa matsoraci, kansa ya cuta. Muna kuma koya musu cewa in tsautsayi ya auku, asibiti ne farko, ba huri da baki ba, sa'an nan a rubuta rana da lokaci da waɗanda suka gani, a adana takardun likita.

Lokacin da motar nakiya ta tashi da ƙauyen Appiatse kusa da Bogoso ran 20 ga Janairun 2022, ƙasa duka ta girgiza, aka yi ta magana a rediyo. Amma yatsa da ido da huhun da ake asara ɗaya bayan ɗaya a shagunanmu, ba mai shelar su. Don haka muke roƙon iyaye, ranar da za ku kai yaro da goro, ku haɗa da tambaya: ina kayan kariyarsa? Muna roƙon masu shaguna, waɗanda yawancinsu iyayenmu ne, su dubi hannuwansu su tambayi kansu ko irin gadon da suke so su bar wa yaran ke nan. Sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin sana'a kuma, in sun kira taro, mu a shirye muke mu zo mu karanta dokar nan da Hausa, kyauta.

Yaron nan yana nan, ya koma gyaran wayar hannu, yana rufa wa kansa asiri. Kowace shekara shi ne yake buɗe mana darasin da bakinsa, kuma ba mu taɓa ganin ɗalibi ya yi gyangyaɗi a ranar ba. Allah Ya tsare mu da 'ya'yanmu a wuraren neman halalinmu, amin.