Zariyar Wandon Baba

Mu biyu ne, ya da ƙanwa, daga Garu ta ƙaramar hukumar Illela, kuma wannan makon labarin wata 'yar jaka muka kawo muku.

Kakarmu ta wajen uwa a Ƙonni take zaune, cikin Nijar. Ga mutumin Illela zuwa Ƙonni bai kai a kira shi tafiya ba, sai ka karya kumallo a gida ka ci abincin rana can. Zuwanmu na ƙarshe kafin abubuwa su rikice, a baƙar leda muka ƙulle takalman fita, muka cusa cikin kaya. Ledar ta fashe a hanya, ƙasan takalmi ya yi wa farin leshin Inna zane. Kaka ta ɗaga leshin gaban jama'a tana dariya: "Ku dubi aikin kishiyoyina! Da wanga hali za ku amshe mini miji?" Mun sha kunya ranar, muka kuma yi mata alkawarin ba za ta sake ganinmu da leda ba.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, a watan Agusta aka rufe iyaka. Manyan motoci suka yi layi, albasar mutane ta ruɓe a buhu, cinikin Baba ya tsaya cak. 'Yan kabu-kabu na bi ta daji, amma kuɗin ya ninka, Baba kuma ya ce ba da 'ya'yansa mata ba. Cikin hunturu aka bugo waya cewa Kaka na kwance, ƙafa ta kumbura. Inna ta daina cin abinci sosai. Mu kuma ba abin da za mu iya, sai muka jawo keken ɗinkinta na hannu, Butterfly, muka ce bari mu cika alkawari.

Ragowar atamfar da Kaka ta ba mu da Sallah muka yanka, tsawo kamu huɗu, faɗi kamu ɗaya da rabi. Muka ninka biyu a baibai, muka ɗinke gefe da gefe, muka bar kamar yatsa uku daga sama ba ɗinki, don nan igiya za ta fito. Ciki muka sa tsohon zanen gado, saboda ƙura ta tsaya a kansa a riƙa wankewa. Duk wannan bai ba mu wahala ba. Ƙubaka ce ta kusa raba mu faɗa. Ta farko mun kalmashe ta siririya don kyau, igiya ta ƙi shiga. Muka warware, atamfa ta fara zarewa. Ta biyu ta karkace. Ɗayarmu ta ce laifin mai juya keke ne, ɗayar ta ce na mai riƙe ƙyalle ne, kuma har yau ba a yanke hukunci ba.

Igiyar ma ba mu da ita. Tsohon wandon Baba na shanye a tsakar gida, muka zare zariyarsa, muka maƙala fil a bakinta muka zarga. Da asuba ya fito riƙe da ƙugu yana tambayar wanda ya yi masa wannan ɗanyen aiki. Ranar ce muka fara jin dariyar Inna bayan makonni.

Jakar ta yi wata biyu rataye a ƙusa, da takalma a ciki. Duk lokacin da wayar Inna ta yi ƙara sai idonmu ya kai kanta.

A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka. Muka iske Kaka ta rame, tana jingine da bango, amma bakin nan na nan. Ko gaisuwa ba mu gama ba muka miƙa mata jakar. Ta juya cikinta waje, ta kusanto da ita ido, ta bi ɗinkin da farce, ta ja zariyar baki ya tsuke.

"Wa ya yi ƙubakag ga?"

Kowa ta nuna 'yar uwarta.

Ta zazzage takalmanmu ƙasa, ta zuba goronta da carbi a ciki, ta tura ƙarƙashin matashi. A leda muka dawo da takalman Garu.