Jirage a Kan Yashi: Yini Guda a Bakin Kogin Ngadda

Duk wanda ya sauka Maiduguri cikin watan Janairu, ya ga yadda ƙura ta lulluɓe itatuwan darbejiyan da ke jere a bakin tituna, leɓɓansa kuma suka tsattsage tun bai kwana biyu ba, in aka ce masa a garin nan akwai masu cin abinci da jirgin ruwa sai ya zaci ba'a ake yi masa. Ni ma da aiki ya kai ni can ban tafi neman jirgi ba. Ina ƙetare gadar Gwange ne da hantsi, na leƙa ƙasa, na ga kogin ya koma yashi da 'yan kududdufai. A can gefe kuwa ga kwale-kwale uku a kife, ga wani dattijo da yaro suna ta fama da injin jirgi a cikin duro. Sai na sallami mai Keke Napep, na gangara.

Wannan kogi shi ne Ngadda, wanda mutanen gari ke kira Gadabul, kuma kogin damina ne. Daga fadamun Sambisa yake tasowa, ya biyo ta Alau, kimanin kilomita 20 daga gari, inda aka tare shi da madatsar da aka gama a 1986. Daga nan ya ratsa tsakiyar Maiduguri, ya je ya baje a fadamar Jere wurin manoman shinkafa. Ruwan sama a wannan yanki daga Yuni zuwa Satumba ne galibi. Watau mai jirgi yana da 'yan watanni na aiki, sauran shekara kuwa sai jira. Yadda zai yi jiran nan ba tare da jarinsa ya lalace ba, shi ne abin da na yini ina kallo.

Na yi sallama, na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya amsa, ya nuna mini wata tsohuwar taya na zauna. Ashe Basarke ne, iyayensa daga ƙasar Kabi suka bi kifi har Tafkin Chadi, shi kuma a Doron Baga ya girma, kusan kilomita 200 daga inda muke zaune. Ya baro can a watan Janairu na 2015, lokacin da 'yan Boko Haram suka afka wa Baga, da ƙafa, ba koma ba jirgi. Abin da ya tsira da shi injin nan ne kaɗai, Yamaha mai ƙarfin doki 15, shi ma don ya riga ya aiko da shi Maiduguri wurin gyara kafin abin ya faru.

Da na tambaye shi dalilin kife jiragen, sai ya ce mini jirgin katako ba ya tsoron ruwa kamar yadda yake tsoron tudu. Muddin yana cikin ruwa katakon a kumbure yake, mahaɗansa a matse. Da zarar an fid da shi iskar hunturu ta busa, sai katako ya tsuke, ƙusa ta yi sako-sako, tsakanin allo da allo ya buɗe har mutum ya hango rana ta ciki. Ga zafin bazara na tafe, wanda a watan Afrilu yakan wuce digiri 40. Ga kuma gara, wadda ba ta bukatar a gayyace ta.

Saboda haka sai an wanke laka da gansakuka tas tukuna, a bar jirgi ya sha iska a inuwa. Sa'an nan a bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, a ciro tsohon tsumman da ya ruɓe, a cusa sabo ko auduga, a narka kwalta a liƙe. Ƙusar da ta yi tsatsa a zare ta a buga wata. Cikin jirgi da bayansa a shafe da baƙin mai don gara. Ba a ajiye shi a ƙasa, sai a kan duwatsu ko tayoyi, a kife, a rufa masa zana. Wanda ke da ruwa mai zurfi kusa yakan nutsar da nasa ya ɗaure shi a turke, ya huta da wannan wahala duka. Kuma ko an yi ajiya mai kyau, in damina ta dawo ba a ɗora fasinja ran da aka tura jirgi ruwa. Sai ya kwana biyu yana jiƙa, ana kwarfe ruwan da ya shiga, har ya daina yoyo.

Abin mamaki, a Tafkin Chadi akwai jirgin da dokarsa ta saɓa wa wannan. Jirgin Buduma na ciyawar ruwa, wanda ake ɗaurewa dami-dami, shi ruwa ne ke cinye shi, sai an riƙa jawo shi tudu yana bushewa. Irin masu ɗaura shi ne Baturen nan ɗan ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, ya ɗauka zuwa Masar a 1969, suka ɗaura masa jirgin da ya shiga Tekun Atlantika da shi.

To, amma injin shi ya fi ɗaukar hankalina, don a kansa dattijon ya fi tsanantawa. Ya cika duro da ruwan famfo, ya rataye injin ƙafarsa a ciki, ya tayar. Ya ce ba a tayar da injin jirgi a bushe ko na minti ɗaya, domin akwai wata 'yar roba mai fukafukai a ƙafarsa wadda ke tura ruwan sanyaya shi, in ba ruwa nan take take ƙonewa. Injin ya yi ta aiki har ruwa mai tsabta ya kore yashi da lakar da ke hanyoyinsa. Daga nan ya zare tiyon mai, ya bar shi yana juyi har ya shanye abin da ke cikin kafireto ya mutu da kansa, ya kuma kwance ɗan kusurun da ke ƙasan kafireton ya tsiyaye ragowar. Fetur da aka gauraya da man inji, in ya yi watanni a zaune, sai mai sauƙin ya tashi ya bar wani danƙo da ke toshe ƙananan ƙofofi. Nan kunya ta kama ni, don na tuna janaretan gidana da na bari da mai cikinsa wata huɗu, na ƙare da zagin makanike alhali laifin nawa ne.

Jikansa ya kwance fulogi biyu, dattijon ya ɗiga man inji a kowane rami, ya ja igiya a hankali sau uku don man ya shafe ciki kada tsatsa ta kama, aka mayar. Sai man giya. Ya kwance kusurun ƙasa ya tara kwano, ya ce in duba launinsa. In ya fito baƙi ko ruwan zuma, lafiya. In ya fito fari-fari kamar an dama fura, to ruwa ya shiga, kuma barinsa haka har damina daidai yake da sayen sabuwar giya. Nasa ya fito da ɗan fari. Bai ce kome ba, ya cire farfela, sai ga zaren kalli ya nannaɗe a jikin ƙarfen ya ci robar da ke tare ruwa. Ya aiki yaron kasuwa da tsohuwar robar a hannu don kada a ba shi wadda ba ita ba.

Sauran aikin na tsare ƙananan abokan gaba ne. A shafa giris a duk inda ke motsi. A toshe 'yar ƙofar da ruwa ke tsartuwa da tsinke, saboda zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki. A tsayar da injin a tsaye cikin ɗaki, kai sama, a rufe da buhu saboda ƙura, a kuma sa ido kan ɓera da wayoyi.

Masu karatu za su so su ji cewa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Amurka ma haka ake yi, sai dai abokin gabarsu daban. Can akwai wani ƙaramin jirgi mai kama da babur da ake hawa don shaƙatawa, kuma kafin hunturu mai shi yakan tsiyaye duk ruwan da ke cikin injin, ya zuba maganin hana daskarewa, ya fesa mai a ciki, ya cire batir ya kai ɗaki. Dalili kuwa ruwa in ya zama ƙanƙara yakan ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100, ya fasa ƙarfe. Na gaya wa dattijon haka, ya yi dariya, ya ce ashe su ma suna da tasu garar. Bambancin da na gani shi ne, su abin wasa suke adanawa, shi kuwa abincin gida ne.

Ban raina wannan aiki ba, musamman da hira ta kai mu ga ran 10 ga Satumba 2024. A daren ne madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya shiga Gwange, da Kasuwar Monday, da fadar Shehun Barno, da asibitin koyarwa na jami'a, har gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Garin da ke dariyar mai jirgi ya wayi gari yana neman jirgi ido rufe. Mutane a kan rufin ɗaki, mata da jarirai, tsofaffi da marasa lafiya. Dattijon ya ce a unguwarsu akwai jiragen da aka tura ruwa suka cika kafin a yi nisa, don sun shekara a yashe cikin rana ba wanda ya dube su, akwai kuma injin da aka ja igiyarsa har hannu ya yi kanta bai tashi ba. Nasa ja biyu ya yi. Na tambaye shi mutum nawa ya kwaso, ya ce bai ƙirga ba, ba ranar ƙirga ba ce.

La'asar ta yi yaron ya dawo da robar. Dattijon ya juya ta a hannu, ya gwada da tsohuwar, ya girgiza kai ya ce ba ita ba ce, gobe da safe shi zai je da kansa. Suka ɗora injin a baro, aka rufe da buhu. Na ce, "Baba, sai yaushe kuma?" Ya dubi yashin kogin, ya ce, "Ɗana, sai Allah ya kawo ruwa." Na hau gada na nemi abin hawa zuwa masauki, tafin hannuna duk baƙin mai.