Masu Tayar da Tsohon Ƙarfe a Madawa, Buza da Keita

Madawa gari ne na albasa. Wanda ya baro Maraɗi ya miƙi babbar hanyar da ta nufi Yamai, da ya wuce Gidan Runji zai fara cin karo da manyan motoci shaƙe da buhuna, sun nufi Gana da Kwaddibuwa da jar albasar nan da sunan Galmi ya bi ta duniya. Fadamar Tarka ce ke ciyar da wannan kasuwa. Ni ma harkar albasa ce ta fito da ni daga Kano. Amma abin da ya zaunar da ni a garin har na wuce Buza da Keita shi ne kekunan da na gani suna ratsawa tsakanin motocin, da mutanen da ke riƙe da ransu.

Babur ya ci kasuwa a nan kamar yadda ya ci a ko'ina, kabu-kabu ne ke kai mutum duk inda ya nufa. Duk da haka, a gindin itatuwan da ke kusa da tasha da bakin kasuwa ba ka rasa mai gyaran keke, da akwatin kayan aikinsa da famfo da kwanon ruwan gwada faci. A Kano idona ya saba da iri biyu ko uku: Raleigh mai tambarin zalɓe, wanda iyayenmu suka hau har aka kafa masa masana'anta a garinmu, sai Phoenix na Shanghai da ya gaje shi. A Madawa duk suna nan, sun tsallako ta Ƙonni da Bangi. Amma a gefensu ga Peugeot mai zaki, ga Motobécane, ga siraran kekunan tsere masu kai kamar ƙahon rago, waɗanda Turawa suka gaji da su aka loda a jirgin ruwa suka sauka Kwatano ko Lome. Wasu kuma 'yan cin rani ne suka ɗauro su a kan mota daga Abijan. Ƙarfen Ingila da ƙarfen Faransa sun haɗu a inuwa ɗaya, kuma a nan wahalar sana'ar take.

Wanda bai taɓa kwance keke ba zai ɗauka noti noti ne. Ba haka ba ne. Tsohon keken Faransa an yanka masa tiredi da awon milimita, na Ingila da awon inci. Gidan da sandar feda ke juyawa a ciki, a na Faransa faɗinsa milimita 35 ne, kuma duka ɓangarorin biyu dama ake murɗa su. A na Ingila haƙori 24 ne a inci guda, ɓangaren sarƙa kuma hagu ake murɗawa. Raleigh na Nottingham shi ma bai yarda da 'yan garinsu ba, nasa haƙori 26 ne. Ɗan ƙarfen da ke cije hannun feda, na Faransa kaurinsa milimita 9, na Ingila 9 da rabi. Sai taya: gargaren babban keken dattawa milimita 635 ne, na inci 27 yana da 630, na tseren Faransa 622, ga wani ƙarami mai 584. Tsakanin 630 da 622 milimita takwas ce kacal, amma ko ka kwana kana fama tayar wannan ba za ta hau wancan ba. Bakaniken da ke Turai yana da littafi da ma'auni da kantin da zai aika a kawo masa. Na Madawa yana da yatsunsa.

Wurin wani dattijo na zauna, a kusa da inda mata ke baje tabarmin kaba da garin ya yi suna a kansu. Ya kifa wani Peugeot fari a kan sirdi da kai, fentinsa ya koma ruwan ƙasa, sarƙa ta daskare da tsatsa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu ɗana. Baƙon Kano ne ko?"

Na ce haka ne, na tambaye shi ko wannan zai ƙara tashi.

"Wanga? Wanga ƙarhe ya girme ka, kuma in an riƙe shi sai ya ga jikokinka. Ƙishirwa kawai shika ji."

Ya warware gidan feda, ya tara tafin hannu, boris suka zubo. Ya ƙirga su, sha ɗaya kowane gefe, ya watsa cikin gwangwanin tumatir mai kananzir. Bayan sun jiƙa ya riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya yana mirginawa tsakanin babban yatsa da manuni, idonsa a kan hanya, yana amsa gaisuwar masu wucewa. Wanda ya ji ya yi ƙwarzane sai ya jefa gefe, ya maye gurbinsa daga wata kwalbar magani da ya cika da boris na matattun kekuna. Da ya zo kan ɗan ƙarfen hannun feda, na Faransa babu shi a kasuwa, sai ya ɗauki na Phoenix ya matse a bakin filaya ya bi shi da zarto, ya gwada, ya sake gogawa, har ya shige da bugu biyu na guduma. Rabin milimita ya cire, da ido. Sannan ya koma kan gargaren baya da ya karkace. Ya juya shi, ya kafa babban yatsa a jikin roban birki yana jin inda ƙarfen ke taɓa shi. Ya riƙa ƙyasta wayoyin da farce yana sauraro, kamar mai gurmi yana ɗaure tsirkiya: wadda ta yi sako-sako ya ƙara mata kwata, ta ɗaya gefen ya sassauta. Bai yi gaggawa ba, kuma bai bari yaronsa ya taɓa wannan ɓangaren ba. Yaron aikinsa wanke sarƙa da tsohon buroshin haƙori.

Abin da ya sa wannan aiki ke yiwuwa shi ne irin ƙirar da aka yi wa kekunan wancan zamani. Bututun baƙin ƙarfe ne aka zura cikin mahaɗai aka liƙe da narkakken farin ƙarfe mai ruwan tagulla. In ya lanƙwashe ana miƙe shi, in ya tsage mai walda da iskar gas zai ɗinke shi, in bututu ɗaya ya mutu ana iya zare shi a sa wani. Kekunan gorar ruwa da ake shigowa da su yanzu, masu ƙyalli da sifirin gaba da baya, da sun tsage sai dai 'yan gwangwan. Dattijon ba ya ƙin gyara su, abinci ne, amma fuskarsa ba ta sakewa a kansu yadda take yi in an kawo masa tsohon Peugeot. Ya gaya mini tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 kuɗin kwalbar fetur ya tashi, mutane da dama suka tuna da kekunan da suka jingine a zaure, aikinsa ya ƙaru.

Daga Madawa hanya ta yi arewa zuwa Buza, ƙasa ta fara tashi, duwatsun Adar suka bayyana baƙi-baƙi masu shimfiɗaɗɗen kai. A ƙarƙashinsu kwarin Majiya yake. A nan ne tun 1975 aka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu a tsallake kwarin don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona, aikin da ma'aikatan gandun daji na Buza suka faro da tallafin ƙungiyar CARE. Itatuwan sun zama manya. Da hantsi za ka ga masu keke suna bin gefen layukan cikin inuwa, wani da buhun hatsi a kariya, wani da jarkoki, wani da ɗansa a kan sandar gaba.

Abokin gabar keke a wannan ƙasa ƙaya ce. Tsidau a ƙasa, ƙayar aduwa da farar ƙaya a gefen hanya. Siririyar tayar tsere da aka yi don kwaltar Faransa ba ta kai azahar a nan. Dabarar da na gani a Buza ta burge ni: a samo tsohuwar taya da ta gama aiki, a yanke bakinta biyu masu waya, a shimfiɗa sauran cikin sabuwar taya kafin a sa tiyub. Keken ya ƙara nauyi kaɗan, amma mai shi ya huta da tsayawa. Facin ma daga tsohon tiyub ake yanko shi, a kankare da zarto, a shafa sholisho, a jira ya sha iska. Na ga tiyub da facinsa ya fi asalin jikinsa yawa, yana kuma riƙe iska.

A Buza ne kuma na ga ado. Wani saurayi, ɗan makarantar sakandare, ya tsaya sayen ƙosai da wani Motobécane shuɗi. Kan nan mai ƙahon rago ya juya shi sama don ya zauna a miƙe ya ga hanya. Ya naɗe jikin keken da tef na roba, kore da fari da ruwan lemo, launin tutar ƙasarsu, naɗi mai kyau ba tazara, ya bar tambarin gaba a buɗe ya goge shi har yana ɗaukar ido. Sirdin fata ne na asali, ya sha man shanu ya yi laushi, an yi masa riga da jar fata mai tuntaye irin aikin da matan Buzaye ke yi wa jaka da matashi. Madubi biyu, ƙararrawa, da guntun roba a ƙarshen madigadi an rubuta addu'a a kai. Giyar baya ta lalace tun kafin keken ya zo hannunsa, sai aka gajarta sarƙa aka zaunar da ita a haƙori ɗaya na tsakiya, amma ya ƙi yarda a cire 'yan sandunan canja giya da ke jikin bututu, don a ganinsa su ne kwalliyar keken.

"Yaya, a Kano akwai irin wanga?" ya tambaye ni.

Na ce akwai, amma ban taɓa ganin wanda aka so kamar nasa ba. Mai tara tsofaffin kekuna a Turai zai ce an ɓata shi, tunda su burinsu keke ya koma daidai yadda ya fito daga masana'anta, har da kalar tef. Ni ban ga ɓarna ba. An ƙera keken ne don a hau, yaron nan kuwa kullum yana kansa daga ƙauyensu zuwa makaranta.

Keita ta fi su tsauri. Dutse ne da tsakuwa da hawa da gangara, ga kwazazzabai da ruwan damina ya yanka. Sunan garin ya fita duniya saboda aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984, bayan fari, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, inda mutanen karkara, akasarinsu mata saboda maza sun tafi cin rani, suka ɗebi duwatsu da ka suka jera a gangaren tuddai, suka haƙa ramukan tare ruwa, suka dasa miliyoyin itatuwa, ana biyansu da abinci. Har yau layukan duwatsun suna nan a jikin tuddai, da madatsun ruwa, da hanyoyin burji da aikin ya buɗe tsakanin ƙauyuka. A kan waɗannan hanyoyi na tuna cewa a can Italiyar, a wani ƙauye da ake kira Gaiole, tun 1997 ake taron shekara-shekara mai suna L'Eroica, inda dubban mutane ke hawa kekunan ƙarfe ƙirar 1987 ko kafin haka, su bi hanyoyin tsakuwa, mafi tsawonsu ya haura kilomita 200. Suna biyan kuɗin shiga, suna sa rigunan ulu irin na da. Mai tallan magani da na gani yana tura tsohon Raleigh a hawan da ke kan hanyar Ibohaman, kaya sun fi shi tsawo, yana yin abin da ake yi a wannan taro ba tare da ya taɓa jin labarinsa ba, kuma shi kowace ranar kasuwa yake yi.

A Keita gangara ce ke cin cokalin gaba, wato ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Na tsaya wurin wani mai walda an kawo masa ɗaya da ya tsage a wuya. Ya kankare fenti har ƙarfen ya yi fari, ya zura guntun bututu a ciki don ƙarfi, ya kunna wuta ya bi wurin a hankali har ya yi ja, sannan ya kawo sandar tagulla ta narke ta bi tsagar da kanta. Bai tsoma shi a ruwa ba, ya ajiye a kan yashi ya huce don kansa, ya ce ruwa na sa ƙarfe ya yi gautsi. Da ya huce ya ɗaga shi sama ya rufe ido ɗaya ya duba ko ƙafafun biyu sun daidaita, ya sa ɗaya a tsakanin gwiwoyinsa ya ɗan taɓa.

Akwai abin da ke damuna. Yawancin gwanayen da na zauna da su furfura ta kama su, yaran da ke gabansu kuma idonsu na kan babur, inda kuɗin yake, ba kuwa wanda zai ga laifinsu. Kayan gyaran Faransa sun ƙare a kasuwa, sai abin da aka ciro daga wani mataccen keken. Tayar inci 27 ma ta zama abin nema. In ta gagara, sai a kwance wayoyin duka a ɗaura gargare mai 622 a kan tsohuwar cibiya, a sauko da roban birki milimita huɗu don ya kama, aikin yini guda da ba kowane mai keke ke iya biya ba.

Da na biyo ta Madawa a hanyar komawa, na tarar farin Peugeot ya tafi gidan mai shi, wani malamin makarantar allo a wajen Galma. Dattijon yana kan wani. Da na yi masa sallama ya ce in tsaya, ya jawo wata tsohuwar taya daga ƙarƙashin benci ya nuna mini lambar da ke jikinta da farce.

"In ka koma Kano, ɗana, ka duba mini irin wagga cikin Sabon Gari. Ko guda huɗu ka samu, ka ba direbobin albasa, duk sun san wurina."