Damina Da Kayan Fata A Ƙasar Kabi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwa masu karatu bayanin wani abu da matafiyi ke gamuwa da shi tsakanin Birnin Kebbi da Argungu.

Galibin baƙi da rani suka san Argungu, lokacin bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934. Amma wanda ya zo cikin watan Agusta zai tarad da wata ƙasa dabam. Gulbin Rima ya cika ya batse, fadama tun daga Argungu har gindin tudun Birnin Kebbi duk ruwa ne da shinkafa, waɗansu ƙauyuka ma sai da kwalekwale. Iska kanta a jiƙe take. A nan ne kayan fata ke shan wuya: takalmi, da gafakar malami, da safar hannun 'yan kabu-kabu.

Abin da na ga mutane da yawa suna yi, in ruwa ya ba su kashi, sai su kanga kayan a bakin murhu, ko su baza su a rana mai zafi. To, wannan ita ce ɓarnar. Majemi ya jeme fata da bagaruwa, ya shayar da ita mai, man nan shi ke sa ta laushi. In ta jiƙe, ruwa yakan janye man, zafi kuwa ya ƙanƙance ta, sai ta ƙandare kamar ƙiri, ta tsattsage. Abin da ya kamata shi ne a tsane ruwan da tsumma, kada a murɗe, a cusa busasshiyar takarda ciki, a riƙa sauya ta. Sa'an nan a rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa, ko da zai kwana biyu. In ta kusa bushewa a shafa man kaɗe kaɗan, a bi ɗinki da kyau, don ta nan ruwa ke fara shiga. Wanda ya tura ta cikin akwati da sauran danshi, fumfuna zai girba. Malam kuma ya fid da littafinsa daga gafaka tukuna, don mai da tawada ba sa ga maciji.

Wani abin sha'awa, fatar jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda Turawa ke kira fatar Maroko, da ita akan ɗinka safar hannu a Turai. Masu wasan sulu kan ƙanƙara a can su ma kaki suke shafa wa tasu, ba sa kuma kai ta kusa da wuta.

Haza wasalam.

Naka,
Mai karatu, Birnin Kebbi.