Barmu: 'yan bidar ƙasa da 'yan bidar sama

Wanda ya bar birnin Tawa ya fuskanci arewa maso gabas, ba zai yi doguwar tafiya ba zai iske Barmu. Ƙasa ce ta fako da tudun rairayi, inda gonar hatsi take fara ja da baya, makiyaya take karɓe wurinta. Ranar kasuwa Buzu yakan zo da raƙumi, Bafillace da sa, Ba'adare da damen gero, dillali kuwa yana tsakiya yana shiga yana fita. Amma in kaka ta wuce aka rufe rumbu, sai gari ya yi sauƙin maza. Samari da magidanta sun tafi bida: wasu Abijan, wasu Ikko, wasu Kamaru ko Gabon, wasu kuma sun ratsa hamada zuwa Libiya. Yawancin ɗakunan siminti da rufin kwano da baƙo zai gani, da gumin can aka gina su. Shi ya sa mutumin Adar ya san darajar naira da dinari da sefa kamar yadda ya san farashin tiyar hatsi.

Da rana tsaka, in sama ta yi garau, wani farin zare yakan ratsa ta daga arewa zuwa kudu. Jirage ne masu tafiya tsakanin Turai da Ikko ko Afirka ta Kudu, suna wucewa a nisan da ya zarce kilomita 10. 'Yan lakkwal sukan ɗaga kai su bi shi da kallo. A cikin waɗanda suka kai lise a Tawa ba a rasa mai burin zama matuƙi, ba a kuma rasa uban da ya ji labarin albashin matuƙa har ya fara ƙidayar garkensa. Kafin a kai bisa ɗaya kasuwa, ya kamata a san yadda wannan sana'a take, domin matuƙin jirgi ɗan Nijar shi ma ɗan bida ne.

Dā ba haka abin yake ba. Filin jirgin saman Tawa ya ga zamanin kamfanin Air Niger, wanda aka kafa a 1966, yana haɗa Yamai da Tawa da Agadas da Maraɗi da Damagaram. Gaba da shi akwai Air Afrique, wanda ƙasashe 11, har da Nijar, suka haifa a birnin Yawunde ran 28 ga watan Maris 1961, aka aje hedkwatarsa a Abijan. A lokacin, ɗan ƙasar da ya samu bursu ya yi karatu ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma kamfanin nasa ne ko da a Abijan ko Dakar yake kwana. Sai bashi ya yi wa kamfanin katutu. A 1989 aka damƙa shi ga Bafaranshe Yves Roland-Billecart, ya sallami ma'aikata masu yawa. Ran 12 ga watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Tikiti ana sayar da shi da sefa, bashin jirage kuwa da kuɗin waje ake biya, sai nauyi ya ninka a dare ɗaya. A 2002 Air Afrique ya rushe, a 2003 Nigeria Airways ya bi sahu, Air Niger kuwa ya riga su kwanta dama. Matuƙa suka watse, kowa ya kama gabansa.

Farkon dutsen da ke kan hanya shi ne kuɗin koyo. Yamai tana da babbar makaranta, EAMAC, wadda hukumar ASECNA ta buɗe a 1963, kuma ƙasashen Afirka da dama suna aiko mata ɗalibai. Amma masu ba jirage hanya daga hasumiya, da masana yanayi, da masu kula da na'urorin fili take horarwa, ba matuƙa ba. Mai son tuƙi na farar hula sai ya ƙetare iyaka: Zariya, inda aka kafa kwalejin tuƙi a 1964, ko Adis Ababa, ko Afirka ta Kudu, ko Turai. A makarantun Turai masu zaman kansu cikakken horo yakan tasam ma yuro 100,000, wato sefa miliyon 65 da ɗoriya. Mafi ƙanƙancin albashi a Nijar an kai shi jikka 42 a wata a farkon 2024. Mai wannan albashi, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya shekara 130 yana tari.

Dutse na biyu shi ne awoyi. Jarin ɗan kasuwa haja ce, jarin matuƙi kuwa awoyin da ya yi a sama, waɗanda ake rubutawa cikin littafinsa ɗaya bayan ɗaya. Yakan fito makaranta da wajen awa 200, alhali takardar da ke ba mutum damar shugabantar babban jirgin fasinja tana bukatar awa 1,500. Kamfani yana son mai awoyi, awoyi kuma ba su samuwa sai a cikin kamfani. A wannan rami ne da yawa suke daɗewa, da takarda a aljihu da bashi a wuya. Bayan haka kowane irin jirgi da nasa horo: wanda ya ƙware a Boeing 737 ba zai zauna kujerar Airbus A320 ba sai ya sake koyo, kuma sau da yawa shi zai biya. Tun 2008 dokar duniya ta wajabta wa matuƙin da ke ƙetare ƙasashe ya ci jarrabawar Ingilishi, don haka Faransancin lise kaɗai ba ya fid da mutum. Likita yana duba shi kowace shekara. Ido ko zuciya in sun gaza, aiki ya tsaya. Shekara 65 kuwa ita ce iyaka.

Albashi shi ma yana da tuta. Kowane jirgi yana ɗauke da alamar ƙasar da aka yi masa rajista: 5U ta Nijar, 5N ta Najeriya, TU ta Kodibuwa. Ƙasar alamar ce take bayar da takardar tuƙi ko ta amince da wadda aka zo da ita. Mutum biyu masu jirgi iri ɗaya da awoyi ɗaya, abin da suke kai wa gida yakan sha bamban ƙwarai. Wanda ake biya da naira ya ga fiye da rabin darajar kuɗinsa ya zube tsakanin Yunin 2023 da farkon 2024, abin da 'yan kasuwar Ƙonni suka shaida da idonsu. Wanda ake biya da dirhami a Dubai kuɗinsa yana ɗaure da dalar Amurka, ba a cire masa harajin albashi, galibi kuma kamfani ke ba shi masauki. Sai dai izinin zamansa yana rataye da aikin. Da annobar korona ta aje jirage a 2020, baƙin matuƙa da yawa sun rasa aiki da gida a lokaci guda. Kuma a kamfanoni da dama, wanda ya sauya wuri yakan koma ƙarshen layi wajen ƙarin girma, komai furfurarsa.

Ƙofofin da suka buɗe kusa da gida bayan Air Afrique duk a ƙasashen wasu suke: ASKY a Lome a 2010, da tallafin kamfanin Habasha, Air Côte d'Ivoire a 2012, Air Sénégal a 2018. Kamfanin ƙasa kuwa ɗan ƙasa yake fara dubawa. Niger Airlines da ya fara tashi a 2014, da jiragen Fokker 50 na haya daga kamfanin Falasɗinawa ya fara. Hanyar da ɗan talaka ya fi iya bi ba tare da sayar da gona ba ita ce soja. Ta nan Ouma Laouali ta bi ta zama mace ta farko matuƙiya a rundunar Nijar a 2015, a 2020 kuma ta kammala horon tuƙa babban jirgi C-130 a Amurka.

Sama ma tana da shinge. An yi yarjejeniyar Yamusukuro a 1999, an ƙaddamar da kasuwar sama ɗaya ta Afirka a Adis Ababa a Janairun 2018, duk don a sassauta shi. Amma a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an rufe samaniyar Nijar kusan wata guda, farin zaren nan ya ɓace daga saman Barmu, jirage suka riƙa yin dogon zagaye.

To, mai karatu, ɗan kasuwa ko ma'aikaci, in ɗanka ya zo da wannan buri kada a kashe masa gwiwa, kada kuma a saki reshe a kama ganye. A fara kai shi wurin likitan matuƙa kafin a biya ko dala. A tambayi ƙasashen da suka yarda da takardar makarantar, da kamfanin da ya taɓa ɗaukar ɗalibanta. Ga mahukunta kuma: bursu ba tare da jirgin da yaro zai tara awoyi ba, noma ne a gonar wani.

Da la'asar sakaliya kasuwar Barmu takan watse, raƙuma su fuskanci arewa, motoci su nufi Tawa. Ɗan bidar Abijan, in damina ta tsaya, yana da gonar da zai komo ya shuka. Allah ya kawo ranar da ɗan bidar sama shi ma zai samu inda zai sauka a gida.