Allon da Na Hana Numfashi

Da aka ce makon nan nawa ne, sai na fara rubutu a kan rashin aikin yi. Na yi shafi biyu, na duba, na ga abin da kowa ya sani nake maimaitawa. Na ajiye shi, na ce gara in ba ku labarin wani katako da ya cinye min kuɗin makaranta, ya kuma kunyata ni a gaban yaro ɗan shekara goma sha huɗu.

Ni ɗan kafinta ne. Baba yana da rumfa a bakin titi a Kano, tun kafin a haife ni yake buga ƙofofi da kujeru da bencinan Islamiyya. Ranar da na samu gurbin karatun injiniyan gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha, ya ce in riƙa leƙowa ranar Asabar ina kama masa aiki. Na ce masa ai zarto da guduma na waɗanda ba su yi boko ba ne. Bai tanka ba, ya ci gaba da share garin katakon da ke gabansa. Daga ranar magana tsakaninmu ta koma gaisuwa da "ungo kuɗin mota".

Bayan difloma ana buƙatar shekara guda ta sanin makamar aiki kafin a koma babbar difloma. Na yi yawon ma'aikatu har takalmina ya cinye, ban samu wuri ba. Ƙarshe aka tura ni Legas wurin Baffa, ƙanin Baba, wanda shi ma kafinta ne a Agege. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ni ne mai rubuta lissafi da kai kaya, kuma duk wata in ware wani abu in ɓoye domin kuɗin rajista.

Wata rana aka ba mu aikin bencina shida, aka ce a kai Tarkwa Bay, wani bakin teku da sai an shiga jirgin ruwa daga tsibirin Legas ake isa. Ranar na fara ganin teku da idona. Amma ba girman ruwan ne ya tsayar da ni ba. Yara na gani can ciki, kowa kwance a kan wani dogon allo yana tuƙi da hannu. In igiyar ruwa ta taso sai yaro ya yi zumbur ya miƙe tsaye a kan allon, ruwa ya ɗauko shi a guje har gaɓa. Na manta da bencina, sai da mai jirgi ya yi min tsawa.

A gefe akwai wani yaro zaune da rabin allo a cinyarsa. Da guntun Turancin kasuwa muka fahimci juna. Allon nasa na soso ne mai tauri da aka lulluɓe da faiba, wani baƙo ne ya bar masa, igiya ta karya shi biyu. Irinsu daga waje ake kawowa, kuma kuɗin sabo ya fi ƙarfin gidansu. Yanzu sai dai ya jira wani ya gaji ya ara masa. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na ce masa, "Zan yi maka na katako." Ya kalle ni ya tambaya ko na iya iyo. Na ce a'a. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya karɓi lambar wayata.

Baki shi ke yanka wuya. Daren nan na kwana ina bincike a waya, na kuwa tarar ban yi ƙarya ba, da katako aka fara. Mutanen tsibiran Hawayi suna sassaƙa allunansu daga guntun icce ɗaya, wasu nauyinsu ya haura kilo 50. A shekarun 1920 wani Ba'amurke mai suna Tom Blake ya huda ɗaruruwan ramuka a jikin irin wannan allo ya rufe sama da ƙasa da siririn katako, daga baya ya koma gina shi da haƙarƙari a ciki, ya yi wa ƙirar rajista a farkon shekarun 1930. Abin da ya fi ba ni mamaki, tun a shekarun 1830 wani Bature matafiyi ya rubuta cewa ya ga yara a gaɓar Akra ta ƙasar Gana suna hawan igiyar ruwa da alluna marasa nauyi. Ashe wasan da ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021 ba baƙo ba ne a wannan gaɓar tamu.

Da safe na nuna wa Baffa hotunan. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Injiniya, wannan ai kwale-kwale ne da aka rufe wa baki." Ya ba ni bayan shago, da sharaɗin sai bayan an tashi aiki, kuma ko ƙusa ɗaya ba zai saya min ba.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai taɓa gani ba. Ku ɗauki ƙashin kifi bayan an cinye tsokar: dogon ƙashin baya a tsakiya, haƙarƙari suna fita hagu da dama. Haka cikin allon yake. Na zana nawa a kan takardar buhun siminti, tsawo ƙafa 8, faɗi inci 22, kauri inci 3 a tsakiya. Na yanka ƙashin bayan da haƙarƙari goma sha huɗu daga filawud, na tsaga kowanne rabi domin su shige juna, na huda musu manyan ramuka don rage nauyi. Ƙashin bayan ba miƙaƙƙe ba ne, goshinsa yana ɗan ɗagawa sama kamar takalmin sarakai, in ba haka ba allon zai riƙa soka kai cikin ruwa.

Katakon rufi shi ne matsala. Turawa suna amfani da itatuwan da babu su a kasuwarmu. Baffa ne ya ce in nemi obece, wanda Yarbawa ke kira arere, fari ne mara nauyi, mai sauƙin gogewa. Aibinsa ba ya jure ruwa kuma ƙwari na son sa, don haka dole a rufe shi ruf da gam. Muka je kasuwar katako ta Oko Baba a Ebute Meta, Baffa ya riƙa ɗaga falanki yana ƙwanƙwasawa yana ajiyewa, sai a na tara ya ce wannan. Aka tsaga min shi siri-siri, kaurin milimita 6. Ina ɗokin farawa, ya ce in jera su a inuwa da tsinke a tsakaninsu har mako uku. "Katako ɗanye maƙaryaci ne," in ji shi, "awon da ya ba ka yau ba shi zai ba ka gobe ba."

Ba a sa ƙusa ko ɗaya a wannan aiki, gam ne kawai da matsi. Ƙarafan matsin Baffa guda huɗu ne, aikin kuwa na son talatin. Sai na sayo tsohon tiyub na mota na yanka shi zare-zare na riƙa ɗaurewa, na ɗora bulo da buhunan yashi a kai. Na fara manna rufin ƙasa. Gefe kuwa da siraran tsinkayen katako ake gina shi, ɗaya kan ɗaya, ana jiƙa su da ruwan zafi don su lanƙwasu. Na karya sun fi ashirin kafin hannuna ya gane iyakar da katako ke yarda. Na cusa dunƙulen katako a goshi da wutsiya da inda fiffiken ƙasa zai zauna, wato wanda ke hana allo zamewa gefe.

Gam ɗin da ake kira ifoksi da ƙyallen faiba a wurin masu gyaran jiragen ruwa na samo, kuma su ne suka cinye rabin kuɗin rajistata. Ruwa biyu ne ake haɗawa. Ranar farko na haɗa da yawa a kofi ɗaya don in huta, kafin in ankara kofin ya yi zafi har ba ya riƙuwa, ya daskare kamar dutse. Na zauna ina kallon kuɗin abincin mako guda a cikin kofi. Duk wannan lokaci yaron yana yi min filashin duk Lahadi, in kira shi in ce saura kaɗan.

Yanzu ga inda na yi wautar. Duk bayanin da na karanta ya ce a bar wa allon ƙaramar ƙofar iska mai murfi, a rufe in za a shiga ruwa, a buɗe in an fito. Na nemi irin murfin ban samu ba, kuɗi kuma ya ƙare. Sai na lallashi kaina cewa huda rami a jikin abin da zai shiga teku ai ganganci ne. Daren da zan manna rufin sama, Baffa ya tsaya a kaina da kofin shayi, ya ce, "Ɗana, ka rufe shi ko'ina, ta ina zai sha iska?" Na ce, "Baffa, ai iskar ce muke so ta zauna a ciki, ita ke sa shi yawo a kan ruwa." Har da ɗan murmushin masu difloma. Ya kurɓi shayinsa ya wuce.

Wata uku da kwana goma, allo ya fito. Na goge shi da sanfefa har yatsuna suka yi kanta, na shimfiɗa faiba, na shafe da ifoksi, zanen katakon ya fito kamar an zuba zuma. Kilo 11 ya yi a sikelin mai sayar da gas. Na kai shi Tarkwa Bay wata Lahadi da hantsi. Yara suka yanyame ni. Ruwa bai yi kyau ba a lokacin, suka ce a jira yamma. Na kwantar da allon a kan yashi, rana tsaka, na tafi yin sallar azahar.

Ina dawowa na ji ƙara, ɗas, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Rufin sama ya kumbura ya rabu da haƙarƙari, haɗin katako ya tsage tsawon kamu biyu. Yaron bai yi kuka ba, bai zage ni ba. Ya shafa tsagar da yatsa, ya tashi ya koma inda na fara ganinsa ya zauna. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

A jirgin komawa na yi lissafin a bayan rasit. Na rufe allon da dare, zafi wajen digiri 25. A kan yashin nan cikinsa zai iya kai 60. Iskar da aka kulle, in ta yi wannan zafin, matsinta na ƙaruwa da kusan kashi 12 cikin ɗari. A kan rufi mai faɗin kusan murabba'in mita ɗaya, wannan ya haura nauyin tan guda yana turowa daga ciki. Wannan lissafi na ci shi a jarrabawa a shekarar farko, har da maki mai kyau. Ban taɓa zaton yana da alaƙa da wani abu da hannu ke taɓawa ba.

Baffa bai ce "na faɗa maka" ba. Ya juya allon, ya ƙwanƙwasa ko'ina yana saurare, ya zana da fensir inda ya saki. Dare biyar muka yi tare. Ya yanke wurin a tsanake, muka sake mannawa, ya sa faci daga ciki. Ƙofar iskar kuwa da noti da kusar murɗi na tagulla ya yi ta, ya binne notin cikin gam kusa da goshi, ya yanko ɗan zoben roba daga ragowar tiyub ɗina. Kuɗinta bai kai na faranti ɗaya na shinkafa ba. Da ya murɗe kusar a rana, sai muka ji allon ya yi tsaki, iska na fita. Ya ce, "To, ka ji ya yi ajiyar zuciya."

Lahadin da ta biyo baya yaron ya goga kyandir a bayan allon don kada ƙafa ta zame, ya ɗaure kusar, ya shiga. Sau uku yana faɗuwa. A na huɗu ya miƙe, ruwa ya ɗauko shi tun daga can har kusa da inda nake tsaye, ruwa iya gwiwa, wandona a naɗe. Da ya fito na zaci yabo zan sha. Ya ce allon yana da gudu, amma yana da nauyi wurin juyawa, in zan yi wani in rage kaurin wutsiya. Na rubuta a bayan rasit ɗin nan.

Ban koma makaranta a wannan shekarar ba, kuɗin bai kai ba, sai a ta gaba. Mama ta yi faɗa sosai, kuma tana da gaskiya. Baba kuwa ashe Baffa ya tura masa hoton. Da dare wayata ta yi ƙara, na ga sunansa, gabana ya faɗi, don ban tuna ranar da ya kira ni da kansa ba. Bayan gaisuwa ya yi shiru, sannan ya ce, "Wane katako ka sa?" Na ce obece. Ya ce, "Ka bar shi ya bushe?" Na ce mako uku. Ya ce da shi ne zai ba shi huɗu. Daga nan ya tambayi yadda na lanƙwasa gefen ba tare da ƙusa ba, na yi ta bayani, yana tambaya, har katinsa ya ƙare, ni na sake kira.

Har yau ban nemi gafararsa a kan maganar zarto da guduma da baki ba, ina ta juya yadda zan fara. Amma da na je hutun sallah na sauka a rumfar ranar Asabar, ya miƙo min tef ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce in auno masa ƙofar can. Iyo kuma har yanzu ina koyo, yaron ne malamina, kuma ba ya da haƙuri ko kaɗan.

Ina jiran gyararrakinku.