Na'urar Da Ba Ta Jin Hausa

Ina da ƙane a garinmu Kanya ta ƙasar Zuru, shekararsa tara, bai taɓa kirana Yaya ba. Kunnensa ras, don ko murfin tukunya ya faɗi sai ya toshe shi da hannu biyu, amma magana ba ta fita. In yana son ruwa sai ya kama hannun Inna ya ja ta har gindin randa, in ba a gane ba ya faɗi yana birgima. An ce iskoki ne, an ce sammu ne, an yi turare an sha rubutu. Daga baya wani likita ya ce otizim ne, watau abin da 'yan jarida ke kira galahanga.

Da aka sa shi firamare, bai cika wata biyu ba aka ce a zo a ɗauke shi. Ban ga laifin malamin ba ƙwarai, mutum ɗaya ne da aji cike maƙil, kuma ba wanda ya taɓa koya masa yadda ake yi da irin wannan yaro.

Sai wata ƙungiyar taimako ta ba mu kwamfutar hannu mai magana, wadda yaro zai taɓa hoto ita kuma ta faɗi sunan abin. Ranar Inna har guɗa ta yi. Ashe murna ce za ta koma ciki. Na'urar Turanci take yi, hotunan cikinta kuwa tuffa ne da bahon wanka da cokali mai yatsu. Ina ƙanena ya san waɗannan? Ba tuwo, ba buta, ba kunu. Ga cajin waya sai an biya. Kafin damina ta fita allon ya tsage, aka nannaɗe ta cikin zane aka sa a adaka.

A makaranta na karanta labarin wata dabara da Andy Bondy da Lori Frost suka fito da ita a Amurka a 1985. Hotuna ne kawai a kan kati. Mutum ɗaya ya riƙe abin da yaro ke so, wani ya tsaya bayansa ya kama hannunsa ya taya shi miƙa katin, nan take a ba shi abin. Sannu-sannu na baya ya janye, sa'an nan a nisanta katin, sa'an nan a ƙara wani don ya koyi zaɓe. Da hutu na yanka kwalin sukari, na zana moɗa da kwanon tuwo. Zanena ba na nunawa ba ne, akuyar da na yi ma Baba ya ɗauka kare ce. Mun yi mako uku ni da Inna kafin ran nan ya ɗauko katin moɗa da kansa ya danƙa mata.

To, jama'a, maganar kuɗi fa? Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma cikinsa akwai ɗan rabo na yara masu buƙata ta musamman. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana wariya ga naƙasassu. Tun 1977 akwai kwaleji a Oyo mai horar da malaman irin waɗannan yara. A ganina, kuɗin na'ura ɗaya da ya tura malaminmu kwas, ya kuma sai kwali da almakashi na aji guda, da ya fi amfani. Amma mai bayarwa ya fi son abin da za a ɗauki hotonsa ranar biki.

Ba na ƙin na'ura. Sai dai wa zai sa mata Hausa da C'lela in ba mu da muke zaune a wannan sashe ba? Muna ta muhawara kan ƙa'idojin rubutu, alhali kalmomi ɗari da yaro ke bukata daga safe zuwa dare ba mu tsara su ba.

Katunan ƙanena yanzu goma sha ɗaya ne, an huda su an zura a igiya. Malamin ya yarda ya dawo aji in zai zo da su. Wannan hutun zan ɗauki muryar Inna a wayata tana faɗin kowanne.